Yadda ake zaɓa wa yaran ƙaramar sakandare da matasa littattafan da za su karanta har ƙarshe

Tambayar da iyaye da malamai suka fi kawo wa masu kula da ɗakin karatu ita ce, "Wane littafi ne ya dace da ɗan shekara goma sha uku?" A haka tambayar ba ta da amsa. A aji guda za ku tarar da yarinyar da ke cinye littafi mai shafi 300 cikin kwana huɗu, ga na kusa da ita yana bin layi da ɗan yatsa, leɓensa na motsi. Shekarunsu ɗaya, amma littafin da zai riƙe wannan shi ne zai kori wancan. Shi ya sa jerin sunayen littattafai da aka kwafo daga wani wuri yakan ƙare a kan kanta yana shan ƙura. Jerin da ke aiki shi ne wanda aka faro daga yaron kansa, aka gwada a kan shafi, aka kuma ci gaba da yi masa kwaskwarima.

Aikin ya cancanci a ba shi lokaci, domin a waɗannan shekarun ne yara da yawa ke ajiye karatun nishaɗi. A gwajin PISA na 2009, wanda ke auna ɗaliban ƙasashe da dama, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ɗalibai 'yan shekara 15 a ƙasashen ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD sun ce ba sa karatu don jin daɗi ko kaɗan. Tun a 1986 masani Keith Stanovich ya bayyana yadda giɓin ke faɗaɗa: wanda karatu ya zauna masa yana yawan karantawa, kalmominsa na ƙaruwa, karatun na ƙara yi masa sauƙi, shi kuwa wanda ke shan wuya yana gudun littafi, ana ta barin sa a baya shekara bayan shekara.

Mataki na farko: a rarrabe rukunan nan biyu

Kamfanonin ɗab'i, musamman masu buga littattafan Turanci, sun kasa littattafan waɗannan shekaru gida biyu. Rukunin farko na 'yan shekara 8 zuwa 12 ne. Tauraron labarin yakan kasance ɗan shekara 10 zuwa 13, tsawon littafin kuma yawanci tsakanin kalmomi 30,000 ne zuwa 50,000. Jigonsa bai cika wuce iyali, abota, makaranta, kasada da warware wani sirri ba, kuma ko an taɓo mutuwa ko rabuwar iyaye, akan rufe labarin da kyakkyawan fata. Rukuni na biyu na matasa ne, daga 12 zuwa 18. Tauraron yakan kai shekara 14 zuwa 18, littafin ya fi kauri, kalmomi 50,000 zuwa 80,000 ko fiye, kuma sau da yawa tauraron ne ke ba da labarin da bakinsa. A nan ake shiga soyayya, zalunci, yaƙi, shaye-shaye, da tambayar "ni wane ne".

Ɗan ƙaramar sakandare a kan iyakar rukunan biyu yake tsaye, kuma a nan aka fi yin kuskure. Rukunin matasa yana da faɗi ƙwarai: littafin da aka rubuta wa 'yar shekara 12 da wanda aka rubuta wa 'yar shekara 17 duk a kanta ɗaya ake jera su. Hanya mafi sauri ita ce a buɗe babin farko a nemi shekarun tauraron. Yara sun fi son karanta labarin wanda ya girme su da shekara ɗaya ko biyu, ba sa kuma son na wanda suka girma. Idan tazarar ta wuce shekara uku, a dakata a duba abin da ke ciki kafin a miƙa.

Mataki na biyu: hirar minti biyar

Kada a tambayi yaro wane irin littafi yake so. Amsar ba ta wuce "kowanne" ko ɗaga kafaɗa. A tambaye shi abin da ya riga ya ɗanɗana: wane labari ne, a littafi ko a fim ko a baka, ya ƙare yana jin da ma bai ƙare ba? Wane littafi ya fara ya kasa gamawa, kuma a ina ya tsaya? Ya fi son ya yi dariya, ko gabansa ya faɗi, ko ya gano mai laifi kafin a faɗa masa, ko ya san abin da ya faru da gaske?

Tambayar littafin da aka yar ita ce ta fi amfani. Idan ya ce, "Malam, na kai shafi na ashirin ba abin da ya faru," ya gaya muku cewa labari mai gudu yake so, mai gajerun babi. Idan ta ce, "Mutanen sun yi yawa, na rasa wane ne wane," to a nemo mata littafi mai tauraro ɗaya da ke ba da labari da kansa. Wanda ya ce ƙarya ta yi yawa a ciki, a kai shi wajen tarihin rayuwar mutane, kimiyya, wasanni ko labarin tafiye-tafiye. Yara da dama da ake yi wa kallon maƙiya karatu ƙagaggen labari kawai suka ƙi, ba wanda ya taɓa nuna musu wani abu daban.

Shahararriyar ma'aikaciyar ɗakin karatu ta birnin Siyatil a Amurka, Nancy Pearl, ta ce ƙofofi huɗu ne mai karatu ke bi ya shiga littafi: labarin, mutanen cikinsa, wurin da ya faru, da daɗin harshen. A rubuta ƙofar da yaron ya fi bi. Ita ce za ta yi jagora fiye da sunan nau'in littafi.

Mataki na uku: a auna ƙarfin karatunsa a kan shafi

Nan ne zuciyar aikin, kuma ba ya cin fiye da minti goma. A ɗauki littafin da ake tunanin ba shi, a buɗe shi a tsakiya, ba a farko ba, domin marubuta kan sassauta harshe a shafukan farko. A zaɓi cikakken shafi wanda ba hira ce zalla ba. Yaron ya karanta a bayyane, hannunsa ɗaya a dunƙule a kan tebur. Duk kalmar da ya kasa furtawa, ko ya furta amma bai san ma'anarta ba, ya miƙe yatsa ɗaya. Sunayen mutane da na garuruwa ba sa cikin lissafi. Idan ya kai ƙasan shafi da yatsa ɗaya ko babu, littafin mai sauƙi ne gare shi. Biyu ko uku, ya yi daidai. Huɗu, zai iya amma da taimako. Idan hannun ya buɗe gaba ɗaya kafin shafi ya ƙare, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, a ajiye masa shi sai baɗi.

Wannan gwaji yana da tushe. Binciken da Marcella Hu da Paul Nation suka wallafa a 2000 ya nuna cewa mai karatu a harshe na biyu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin labari kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. A shafi mai kalma 250, kashi 2 cikin ɗari kalma biyar ke nan, daidai yatsun hannu. Idan sanin ya sauka zuwa kashi 95, baƙin kalmomi sun kai 12 ko 13 a kowane shafi, kuma ba yaron da zai jure buɗe ƙamus sau goma sha biyu a shafi guda ya ce yana jin daɗi.

Amma yatsu ba sa kama komai. Akwai yaron da ke furta kowace kalma tiryan-tiryan ba tare da ya fahimci komai ba. Don haka a rufe littafin a ce masa, "Gaya min abin da ya faru, da bakinka." Idan ya iya faɗin wanda ya yi abu, abin da ya yi da dalilinsa, ya wuce. Idan ya maimaita jimlar ƙarshe kawai, littafin ya yi masa nauyi ko da bai ɗaga yatsa ba.

Sai a auna sauri. Ya yi karatun zuci na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin. Ana kuma kimanta tsawon littafin da sauƙi: kalmomin layi ɗaya sau yawan layukan shafi sau yawan shafuka. Littafi mai kalma 10 a layi, layi 28 a shafi, shafi 180, ya kai kusan kalmomi 50,000, a rage kashi ɗaya cikin goma saboda guntayen layuka da farkon babi, saura 45,000. Yaron da ke karanta kalma 150 a minti zai gama shi cikin awa biyar, wato kwana 15 idan yana ba shi minti 20 kullum. Wanda ke karanta kalma 80 a minti zai kwashe kusan wata guda. A ganinmu littafin nishaɗin da zai wuce mako uku a hannun yaro ya yi tsawo, domin kafin ya kai ƙarshe ya manta farko. A ba mai jinkirin karatu gajere, ya ɗanɗani daɗin rufe bangon ƙarshe.

Idan yaron na karatu ne da harshen da ba shi ake yi a gida ba, akwai littattafan da aka sauƙaƙa mataki-mataki bisa yawan kalmomi. Jerin Oxford Bookworms, alal misali, yana farawa da tushen kalmomi 250, sai 400, 700, 1,000, 1,400, 1,800, har 2,500 a mataki na shida. Penguin Readers da Macmillan Readers su ma a kan irin wannan tsari suke. Kada a tsallake mataki don gaggawa. Gara ya karanta littafi biyar ko shida a mataki ɗaya, sai yatsun sun daina tashi, sannan ya hau na gaba. Kuma kada a bar harshen gida: yaron da ya saba da bin dogon labari a harshensa yakan ɗauki wannan sabo ya shiga da shi kowane harshe.

Za ku kuma ci karo da Lexile, ma'aunin wuyar rubutu, a kan littattafan Turanci da yawa, lamba ce da harafin L a ƙarshe. A tsarin karatun Amurka, an ware wa aji na 6 zuwa na 8, wato kimanin 'yan shekara 11 zuwa 14, tsakanin 925L da 1185L. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, tsawon jimla da yawan amfani da kalma kawai ma'aunin ke dubawa. Bai san abin da labarin ya ƙunsa ba. Littafin manya mai gajerun jimloli da ke cike da kisa yana iya samun lamba ƙasa da ta littafin yara kan tsuntsaye.

Mataki na huɗu: inda ake samo sunayen

Yanzu da aka san yaron, sai a nemi littattafan. Lambobin yabo wuri ne mai kyau na farawa, matuƙar an san abin da kowace ke nufi. Lambar Newbery, wadda ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ke bayarwa tun 1922, ta littattafan yara ce har zuwa shekara 14, kuma marubutan Amurka ko mazauna can kaɗai ke shiga. Lambar Michael L. Printz, da aka fara a 2000, ta littattafan matasa ce, 12 zuwa 18. Lambar Carnegie ta Birtaniya ta samo asali tun 1936, kuma wasu daga cikin littattafan da suka ci ta a shekarun baya-bayan nan na manyan matasa ne, ba na ɗan shekara 11 ba. Lambar Coretta Scott King tana karrama marubuta da masu zane baƙaƙen fatar Amurka. Akwai lambar Children's Africana, wadda tun 1991 take zaƙulo littattafan yara da matasa da suka ba da sahihin hoton Afirka, akwai kuma lambar adabin yara na Larabci da aka kafa a Hadaddiyar Daular Larabawa a 2009 da sunan Etisalat.

Lambar Hans Christian Andersen, wadda hukumar littattafan yara ta duniya, IBBY, ke bayarwa duk shekara biyu tun 1956, ta ɗan bambanta: ana ba marubuci ne saboda ayyukansa gaba ɗaya, don haka sunansa a bango bai gaya muku shekarun da littafin ya dace da su ba. Mai neman littattafai daga harsuna da ƙasashe daban-daban ya duba kundin White Ravens, wanda ɗakin karatun matasa na duniya da ke birnin Munik a Jamus ke fitarwa kowace shekara da littattafai kusan 200.

Shawara biyu a nan. Kada a tsaya ga wanda ya ci lambar, a duba waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, sau da yawa a cikinsu ake samun wanda yara suka fi so. Sannan a tuna cewa manya ne alƙalai, kuma manya kan karkata ga labari mai nauyi, mai tafiya a hankali, mai sa hawaye. Jerin da aka cika da masu lambar yabo kaɗai yana iya gajiyar da ɗan shekara 12. A haɗa da abin da yara ke miƙa wa juna hannu da hannu. Littafin da bangonsa ya yage don yawan aro ya riga ya ci jarrabawar da ta fi kowace.

Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, wanda a ƙasashe da yawa shekara 70 ne bayan rasuwar marubuci, ana samun su kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Suna da daraja, amma a yi hattara ta fuska biyu. Harshensu tsoho ne, jimlolinsu dogaye, da yawa ba za su wuce gwajin yatsu ba. Sannan labaran kasada na zamanin mulkin mallaka sukan nuna mutanen Afirka da Asiya a wulaƙance. Ba lallai a ɓoye su ba, amma bai dace a miƙa wa yaro irinsu a juya baya ba tare da an tattauna ba.

Mataki na biyar: a duba ciki da idon babba

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma bayanin bayan bango talla ne, ba ya faɗin komai. Idan ba za a iya karanta littafin duka ba, a ba shi minti 20: babin farko, babi ɗaya daga kashi na uku cikin huɗu na littafin, inda rikici ke kai ƙololuwa, da babi biyu na ƙarshe. A ƙara da sharhi ɗaya ko biyu daga mujallun da aikinsu ke nan, irin su Kirkus Reviews, School Library Journal da Horn Book, waɗanda ke ambaton shekarun da suka dace. Shafin Common Sense Media yana warware abin da littafi ya ƙunsa ta fuskar tashin hankali, batsa, zagi da shaye-shaye, sai dai ma'auninsa na al'ummar Amurka ne, kowane gida ya ɗora nasa a kai.

Abin dubawa ba ambaton mugun abu ba ne kawai, a'a, yadda aka riƙe shi. Labarin da ya nuna cin zali da abin da yake jawowa yana iya zama garkuwa ga yaro. Wanda ya ƙawata shi ya mai da azzalumi gwarzo, wannan daban ne. Littafin da ya yi bayanin hanyar kashe kai ko cutar da kai dalla-dalla, a cire shi daga jerin ƙananan matasa. A kuma duba halin da yaron ke ciki: wanda aka yi wa rasuwa watan jiya, wani labarin maraici zai rarrashe shi, wani kuma zai fama masa ciwo. A gaya masa abin da ke ciki, ya zaɓa da kansa.

A duba jikin littafin ma. Ana buga littafi ne a ƙunshi-ƙunshi na shafi 16 ko 32, don haka bugun da ba shi da inganci yakan yi tsalle daga shafi na 48 zuwa na 65, ko ya maimaita ƙunshi ɗaya sau biyu. A bi lambobin shafi da babban yatsa kafin a karɓa. A duba ko cikakke ne ko taƙaitacce, akan rubuta hakan da ƙananan haruffa a shafin haƙƙin mallaka. A kasuwannin intanet kuma yanzu akwai littattafan da na'ura ta harhaɗa, ba edita, ba marubucin da za a iya gano shi. A nemi sunan kamfanin ɗab'i, a karanta shafukan gwaji. Lambar ISBN mai lamba 13 tana taimakawa wajen gane bugu, amma ba shaidar inganci ba ce.

Mataki na shida: haɗa jerin

Littafi 12 sun isa zango ɗaya. Huɗu su zama masu sauƙi, yatsa ɗaya ko babu, domin da su ake gina sauri da sha'awa. Biyar su zama daidai ƙarfinsa. Biyu su ɗan fi ƙarfinsa, a kan batun da ya riga ya sani ko yake mutuwar so, domin sanin batu yana ɗauke rabin nauyin kalmomi. Ɗaya kuma a ware wanda babba zai karanta masa a bayyane ko ya saurara a littafin sauraro. Kunne yakan riga ido fahimta a waɗannan shekaru, kuma ɗan shekara 13 bai wuce a karanta masa ba.

A cikin sha biyun, rabi su bi ƙofar da ya faɗa a hira. Sauran su buɗe wasu: aƙalla biyu na gaskiya ba ƙage ba, ɗaya mai labari cikin zane-zane, ɗaya na gajerun labarai ko labarin da aka tsara cikin baitoci, wanda yawan farin fili a shafinsa ke kwantar wa mai tsoron littafi hankali. A 1990 Farfesa Rudine Sims Bishop ta kwatanta littattafan yara da madubi da taga: wani yaro ya ga kansa a ciki, wani ya leƙa rayuwar waɗansu. Jerin da ba madubi a cikinsa yana koya wa yaro cewa irinsa ba sa shiga littafi, wanda kuma ba taga a cikinsa yana ƙuntata masa duniya.

A tabbata akwai littafin farko na wani labari mai ci gaba. Idan ya kama yaro, an huta da neman na gaba har wata biyu ko uku. Manya kan raina irin waɗannan saboda salonsu ɗaya ne, amma wannan maimaicin ne ke sa karatu ya zama jiki.

Mataki na bakwai: yadda ake miƙawa

Kada a zube sha biyun gaba ɗaya. A ajiye uku a gabansa, a yi wa kowanne gabatarwar minti ɗaya: wane ne tauraron, wace matsala ta same shi, sai a yi shiru daidai inda zai ce, "Sai me ya faru?" Ko a karanta masa shafin farko da murya mai rai a rufe. Kalmar "zai amfane ka" ko "akwai darasi a ciki" tana kashe littafi tun bai buɗe ba.

A ba shi izinin ajiyewa. Ga manya, Nancy Pearl ta ba da shawarar shafi 50 kafin a yanke hukunci. Ga waɗannan shekaru shafi 30 ko babi uku sun isa. Sharaɗi ɗaya ne: ya faɗi dalili a jimla ɗaya, domin dalilin ne zai gyara zaɓi na gaba. A tsayar da lokaci, minti 20 kullum, waya a wani ɗaki. Da saurin kalma 150 a minti, wannan ya haura kalmomi miliyan ɗaya a shekara, kimanin littafi 24 masu matsakaicin tsawo.

Idan abin ya ƙi

Yaron da ke farawa yana yarwa sau uku a jere, yawanci littattafan sun fi ƙarfinsa ne, kunya ta hana shi faɗa. A sauko mataki ɗaya ba tare da sanarwa ba. Amma kada a ba shi na ƙananan yara, zai ji an ci masa fuska. Akwai littattafan da aka rubuta musamman da jigon matasa da harshe mai sauƙi. Kamfanin Barrington Stoke na Sikotland ya shahara da su, ma'aunin Lexile kuma yana sa wa irinsu alamar HL.

Idan yana tsallake layi, yana matse ido, ko yana kukan ciwon kai bayan minti goma, a fara da gwajin ido kafin a zarge shi da lalaci. Idan idon lafiya lau amma yana tuntuɓe a kalmomin da ya sani sarai a baka, rubutunsa kuma cike da kurakuran haruffa, a nemi ƙwararre ya duba ko disleksiya ce, wato larurar wahalar gane rubutattun kalmomi. Kafin nan, a nemo bugu mai haruffa girman 12 zuwa 14, layuka a wawware, takarda mai ɗan duhu ba fara fat ba, a kuma bar shi ya riƙa bin rubutu da ido yana sauraron littafin a kunne.

Wanda ya maƙale wa littafi ɗaya yana maimaitawa, a ƙyale shi, maimaici na ƙara sauri. A gano ƙofar da ta riƙe shi a ciki, a ajiye mai kama da shi kusa. Wanda kuma yake karatu da can ya daina kwatsam, a duba ko an mai da karatun jarrabawa. Tambayoyi goma bayan kowane babi, taƙaitawa a rubuce, ko kyauta bisa yawan shafuka, duk suna sa yaro ya zaɓi mafi sirantar littafi ya kuma koyi yin ƙarya. Tambaya ɗaya ta isa, irin wadda ake yi wa aboki: "Ina ka kai? Kana ganin za ta tsira?"

Mai ƙarfin karatu ma yana da tasa matsalar. 'Yar shekara 11 da ke karatu kamar 'yar 16 za ta wuce gwajin yatsu a kusan kowane littafin matasa, amma zuciyarta ta 'yar 11 ce. A ƙara mata wuyar harshe ba nauyin jigo ba: tarihi, kimiyya, fassararrun labarai daga wasu ƙasashe, da dogayen labaran rukunin 'yan shekara 8 zuwa 12 masu zurfin salo.

Mataki na ƙarshe: kati da gyara

A ajiye wa kowane yaro kati ɗaya mai layi biyar: sunan littafi, ranar farawa, ranar gamawa ko shafin da ya tsaya, maki daga 1 zuwa 5 da shi zai bayar, da jimla ɗaya ta dalili. A ƙarshen zango a zauna tare a duba. Duk littafin da ya samu 4 ko 5, a nemo biyu masu bin ƙofarsa, ɗaya na marubucin, ɗaya na wani. Wanda aka yar saboda wuya a mayar da shi jerin baɗi, wanda aka yar saboda gundura a cire shi. A sake gwajin yatsu da ɗaya daga cikin biyun nan da suka fi ƙarfinsa a farkon zango. Idan yatsu huɗu sun koma biyu, a matsar da jerin duka gaba da mataki ɗaya, a kuma bar gurbi uku cikin sha biyun ya cike su da hannunsa.